Lambar da ta Koɗe a Bayan Kilabiye

Da sunan Allah nake buɗe wannan zama, Shi da Ya halicci ido Ya kuma yanka masa ranar gajiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan'uwana mata masu bin wannan shafi, ku yi mini uzuri idan rubutun yau ya iso muku a makare. Da yatsa guda nake dangwala shi a kan gilashin tabilet, kamar kaza tana tsintar gero, kuma dalilin hakan shi ne labarin da zan ba ku.

Ga wadda yau ta fara shigowa, sunana Dijatu, amma a Filinge Malama ake ce mini, domin ina karantar da matan unguwarmu tsarki da salla da abin da ya sawwaƙa na fiƙihu. Maigidana ya riga mu gidan gaskiya da daɗewa, Allah Ya haskaka kabarinsa. Na aurar da 'ya'yana duka, na ɗauka abin da ya rage mini a duniya carbi ne da jikoki. Sai Allah, wanda ba Ya shawara da kowa, Ya kawo Malam Tahiru na Damana, marubucin Alƙur'ani da hannu, wanda shi ma iyalinsa ta rasu. Yakan zo kasuwar Lahadi ya sayi takarda, daga nan ya biyo gidan yayana Hamidu, inda nake zaune, ya ce ya zo gaisuwa. Gaisuwar ta yi ta tsawo har Yaya Hamidu ya tambaye shi ko akwai magana a bayanta. Ya ce akwai.

Ba zan ɓoye muku ba, ina son maganar. Wata rana mun yi saɓani da shi a kan wata mas'ala ta sujadar rafkanuwa, a gaban Yaya da baƙi biyu. Ya tafi ya duba littattafansa, Lahadi ta zagayo ya dawo, a gaban mutanen nan ya ce, "Malama ta fi ni gaskiya." Ku da kuka zauna da maza kun san sau nawa kunne yake jin irin wannan a rayuwa. Daga ranar na fara sa lalle ranar Asabar.

To, ga inda wuyar take. A mazhabarmu, idan bazawara za ta yi aure, ɗanta ne kan gaba wajen walicci. Na karantar da wannan hukunci shekara da shekaru ba tare da na taɓa zaton zai zo ya tsaya mini a ƙofar ɗaki ba. Ɗana na fari, wanda bakina bai taɓa kiran sunansa ba, Na Yamai nake ce masa don can yake aiki, shi ne zai ba da ni. Yaron da na goya, na tauna wa abinci! Kuma saboda kunyar ɗan fari ba zan iya buɗe baki in yi masa zancen aure ba, shi ma ba zai iya yi mini ba. Duk maganar ta hannun ƙanwarsa Lailatu take bi, wadda take koyarwa a lekol, makarantar boko ta nan Filinge. Ni in faɗa wa Lailatu, Lailatu ta tura masa, shi ya turo mata, ita ta karanto mini tana danne dariya.

Na Yamai bai yarda ba. Hujjarsa guda ce: wai idon Malam ya mutu, aure ba zai zame mini komai ba sai aikin jagora. Wani ɗan ajinsu ne ya kai masa labarin cewa an ga Malam a rumfar wani tela ya yi wa gunkin tallan riga sallama, da gunkin bai amsa ba ya tsaya yana yi masa nasiha a kan wajabcin mayar da sallama. Da Yaya Hamidu ya tuntuɓi Malam, sai ya ce sharrin 'yan kasuwa ne, shi da telan yake, idonsa kuwa ras, yana ganin jinjirin wata kafin samari. Ni na karɓi wannan bayani, domin an umurce mu da kyautata zato, kuma domin ina so in karɓa.

Yanzu sai kilabiye. Bara Na Yamai ya aiko mini da tabilet don in riƙa rubuta darussan mata, tare da kilabiye, wato wannan allon haruffa da ake jona masa, mai baƙaƙen Larabci da na boko a jere. Na ji daɗinsa ƙwarai. Na ɗinka masa gafaka ta jar fata irin ta littattafai, ba na taɓa shi sai da alwala, ba na ɗora komai a kansa. Kwanan baya na tashi rubuta babin taimama, na danna, shiru. Na sake dannawa, shiru. Lailatu ta sa shi caji, ta kashe ta kunna, ta hura masa iska, ko motsi. Ta sanar da yayanta. Ya ce garantinsa bai ƙare ba, mai butik, wato kantin da ya saye shi, zai musanya da sabo, amma sai an turo lambar da ke manne a bayansa.

Muka kifa shi. Ga 'yar takarda fara nan, ba ta kai faɗin yatsa biyu ba. Rubutun da ke kanta kuwa ya koɗe, ya koma kamar sawun tururuwa a kan rairayi.

Na sa tabarau na fita rana. Na karkata shi gabas, na karkata shi yamma. Na ga wani abu a farko mai kama da harafi, na ga biyu a ƙarshe masu kama da lamba, tsakiya kuwa fari fat. Lailatu ta karɓa, ta ɗauki hoto da wayarta, ta buɗa shi da yatsu har ya cika gilashi. Farin ne kawai ya ƙara girma. Sai ta kai shi hanci ta shinshina.

"Inna, me nake ji haka? Turare kike shafa masa?"

"Ranar Juma'a kawai."

"Inna! Kilabiye ne fa!"

"An rubuta sunan Allah da shi ko ba a rubuta ba?"

Yaya Hamidu, da yake kishingiɗe a ƙarƙashin rumfa yana jin mu, ya ce a kawo masa. Yaya manomi ne, ya haura saba'in, kuma a wurinsa babu abin da toka ba ta gyarawa. Ya lakato toka daga murhu, ya tofa mata yawu, ya murza a kan takardar da babban yatsa. Da ya ɗaga hannu, ɗaya daga cikin lambobi biyun nan na ƙarshe ta bi sauran.

"Wanga abu dai ba shi da ƙwari," in ji Yaya, ya miƙo mana, ya koma ya kishingiɗa.

Lailatu ta rubuta wa yayanta cewa lambar ta ɗan dushe, ana ƙoƙari. Ba ta faɗa masa iyakar dushewar ba, don kada zancen turare ya fito. Ba a jima ba wayarta ta yi ƙara. Na ga ta karanta, ta dube ni, ta sake karantawa.

"Karanto mini."

"Inna, ba sai..."

"Karanto."

Ga abin da ya rubuto, na sa ta turo mini don kada in ƙara ko in rage:

"Lailatu, abu ya zo da sauƙi. Tunda tsohon nan zai zo ran Lahadi, kuma an ce yana ganin wata kafin samari, a ba shi ya karanta. Ki turo mini hoto. In ya karanta, ni Abdulgafar da kaina zan zo in ba da auren. In bai karanta ba, a bar maganar haka nan, kowa ya huta."

A ƙasa ya sa wannan 'yar fuska mai murmushi sanye da baƙin tabarau.

'Yan'uwana, ku dubi ikon Allah. Mace mai jikoki, wadda ake aiko wa tambaya daga Sanam da Abala, ga aurenta ya rataya a jikin takardar da ba ta kai tambarin wasiƙa ba, wadda turare ya ci rabinta, toka ta ci saura. Na yi niyyar in sa Lailatu ta faɗa masa gaskiya, cewa ko shaho aka kawo ba zai karanta ba. Amma na san ɗana. Zai ce an fara nema wa tsoho mafita tun kafin ya zauna. Na bar wa Allah, na ce da su kada wanda ya gaya wa Malam cewa gwaji ne, don kada a ci masa fuska.

Lahadi ta zo. Na sa atamfata mai ruwan ganye, na ɗora farin hijabi mai dogon hannu wanda Lailatu ta goge har sau biyu. Na dama fura da nonon da Fulani suka kawo da safe, Lailatu ta kwaɗa kopto, wato dafaffen zogale, da ƙuli-ƙuli. Aka share tsakar gida, aka shimfiɗa tabarma sabuwa a ƙarƙashin rumfa kusa da damman geron da aka jingine. Bayan la'asar muka ji sallamarsa a zaure.

Ya shigo cikin babbar riga ta shadda ruwan toka, da rawani fari, gafakarsa a kafaɗa, ƙamshinsa ya riga shi isowa. Ya tsaya, ya fuskanci turmin da Lailatu ta yafa wa zane don ƙura, ya ɗan rusuna.

"Malama, mun same ku lahiya?"

Yaya Hamidu ya yi tari mai ƙarfi daga ɗaya gefen. Ni ma na yi sauri na amsa daga inda nake, "Lafiya lau, Malam, sannu da hanya." Ya juyo a hankali, kamar dama can yana duba ginin gidan ne, ya ce katangar nan tana son yaɓe kafin damina. Lailatu ta shige madafa da gudu, na ji tana tari ita ma.

Aka gaisa, aka tambayi mutanen Damana, aka yi zancen yadda gero ya yi bana. Ya sha fura ya yi hamdala. Sannan Lailatu ta fito da kilabiye a kan faifai, kamar mai kawo goro, ta durƙusa.

"Malam, wata 'yar lamba ce a bayan abin rubutun Inna ta gagare mu. Ko za ka duba mana?"

"Kawo, ɗiyata. Mi ag gare ta?"

Ya karɓa da hannu biyu. Ya shafa bayan har yatsansa ya ci karo da takardar. Ya kai ta kusa da ido har gashin girarsa yana taɓa ta. Ya miƙar da hannu ya nisanta ta. Ya tashi ya fita daga inuwa, ya ba rana baya, ya sake ba ta gaba. Ni kuwa ina zaune ina jan carbi a ƙarƙashin hijabi, ban san ma abin da nake ja ba.

"Rubutun Nasara ba shi da albarka," in ji shi da ya dawo ya zauna. "Dubi, bai shekara biyu ba ya mutu. Ni ina da takardun kakana, tun zamanin da ba a san mota ba a nan ƙasar Kurfai, in kin gan su sai ki ce jiya anka rubuta."

"Haka ne, Malam," in ji Yaya. "To mi kag gani?"

"Haƙuri, Alhaji. Rubutun da ya koɗe ba a karanta shi haka nan. Sai an raya shi."

Ya jawo gafaka. Ya fito da kurtun tawada, da alƙaluma na kara a ɗaure da zare, da 'yar aska. Ku da ba ku tashi a gidan malamai ba, ga yadda abin yake: idan tsohon littafi ya dushe, marubuci yakan bi sawun tsohon rubutun da sabuwar tawada, harafi bayan harafi, har shafin ya dawo da rai. Aikin Malam ke nan tun yana saurayi, daga ƙauyuka ake kawo masa. Kuma tawadar da ke cikin kurtun nan ba ta allo ba ce da ake wankewa. Yambari ce, ta takarda, wadda in ta kama ta kama har jikoki.

Lailatu ta zaro ido. "Malam, karantawa kawai aka..."

"Ɗiyata, ke da lekol, ni da wanga. Kowa da fanninshi."

Ya fiƙe alƙalami, ya gwada bakinsa a farce, ya ɗora kilabiye a gwiwa kamar allo, ya yi bisimilla. Ya fara daga dama. Lailatu ta dube ni, na dubi damman gero.

Ban taɓa ganin hannunsa yana aiki ba sai ranar. Wallahi hannun bai san tsufa ba. Ba ya rawa, ba ya gaggawa, alƙalamin yana tafiya yana 'yar ƙara mai daɗi. Takardar ta yi masa kaɗan, sai rubutun ya gangaro kan baƙar robar, bai fasa ba. Da ya kai ƙarshe ya canza alƙalami, ya buɗe wani ɗan kurtu na jar tawada, ya kewaye lambar da zayyana, ya yi mata 'yan kusurwoyi irin na farkon sura. Ya hura, ya ɗaga.

Lamba ce cikakkiya, manya-manya, ko daga zaure za a karanta ta. Kyakkyawa kuwa, ban taɓa ganin lamba mai kwarjini irinta ba.

"Allahu akbar!" in ji Yaya Hamidu. "Ina masu cewa? Ina su? Dija, kin gani?"

Na ce na gani. Lailatu ta ce in zo in taya ta sauke ruwan shayi. Muna shiga madafa ta kama hannuna.

"Inna, tsakiyar nan babu komai a wurin. Ni na buɗa hoton, ke ma kin gani."

"Na sani."

"Har wadda Kawu ya goge da toka ya rubuta."

"Na ce na sani."

Ta leƙa waje, ta rage murya. "To ni dai abin da aka ce in turo, hoto ne. Zan tura. Yayana na Yamai ba ya samun zuwa butik sai ƙarshen mako. Kafin nan Kawu ya karɓi goro, magana ta fita gari, ba mai mayar da ita. In mai butik ya ce lambar ba ta yi ba, sai mu ce na'urarsa ce."

'Yan'uwana, ni ce nake zaunar da mata ina gaya musu nauyin shaidar zur. Ni ce nake cewa wanda ya ga ƙarya ya yi shiru yana da kaso a ciki. Duk wannan yana kaina a lokacin, da babinsa da shafinsa. Amma na leƙa ta ƙofar madafa na ga Malam yana goge bakin alƙalaminsa da gefen tsumma, fuskarsa cike da jin daɗin ya yi mini hidima, sai na tuna yadda gidan nan yake yin tsit idan ɗalibai sun watse. Ban ce ta tura ba. Ban ce kada ta tura ba. Na ɗauki butar shayi na fita, ina neman gafarar Allah a kan abin da ban riga na gama aikatawa ba.

Lailatu ta durƙusa ta saita waya a kan kilabiye. Wayar ta yi 'yar ƙararta ta ɗaukar hoto.

"Ina za a kai shi?" in ji Malam.

Kafin ɗayanmu ta yi magana, Yaya Hamidu, wanda aka roƙa ya kama bakinsa, ya buga cinya.

"Yamai za a kai shi! Malam, ai ka ci jarrabawa ba ka sani ba. Abdulgafar ne yac ce in ka karanta lambag ga shi ba da aure, in ba ka karanta ba a bari. Ga shi ba karantawa kaɗai ba, har da zayyana! Shi kai ma mai butik, a ba shi sabo, mu kuma mu sa rana."

Malam ya tsaya da goge alƙalami.

"Ɗiyata, kin tura?"

"Yanzu zan tura, Malam. Rezo ne babu, wayar ba ta kamawa."

"To kada ki tura."

Ya ajiye alƙalamin a kan gafaka, ya gyara zama ya fuskanci inda muryata take.

"Malama, ki gafarce ni. Ni na ɗauka abin ado ne a jikin kayanki, nic ce bari in gyara miki, kada in ji kunya a gabanki. Ban san waliyyi zai gina hukunci a kai ba, ban san ɗan kasuwa zai fitar da kayanshi a kai ba. Harafin farko na gane shi, ko in ce na yi zato. Sauran ban ga komi ba sai fari. In aya ta koɗe a takarda, ba ido ka cika ta ba, hadda ce. Hannuna ya saba, in ya iske gurbi sai shi cika. To wagga lamba ba ni da haddarta. Abin da nir rubuta a tsakiya shekarar da anka haife ni ce, da ta rasuwar mahaifina."

Yaya Hamidu ya ce, "Malam, wa ya tambaye ka? Wa ya tambaye ka, don Allah?"

"Wanda zai tambaye ni ba Ya nan Filinge kaɗai, Alhaji."

Ni dai na sunkuyar da kai. Butar shayin tana hannuna tana ƙona ni, ban ajiye ba.

"Kuma zancen gunkin tela," in ji Malam, "gaskiya ne. Na yi mishi wa'azi sosai. Da ya ƙi amsawa har na ce mishi Allah Shi shirye ka."

Lailatu ta kasa riƙewa, dariya ta ƙwace mata, hawaye na biye da ita. Malam ma ya murmusa. Sannan ya miƙa hannu.

"Kama mini abin maganar nan, ɗiyata. Ni zan gaya mishi da bakina."

Ta danna masa, ta riƙe wayar kusa da gemunsa. Ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi iyali da aiki, kamar yaron yana zaune a gabansa. Sannan ya ce, "Abdulgafar, Tahiru ne na Damana. Ban karanta lambarka ba. Idona ya yi rauni shekara uku ke nan, hazo nike gani, aikin rubutu ma da hadda da saban hannu nike yin shi. Na ɓoye don ina son mahaifiyarka, kuma bai kamata in ɓoye ba. Na kuma ɓata muku kaya da tawadar da ba ta fita. Hukunci naka ne. In ka ce a bari, na bari, ba ni riƙe ka da komi."

Rezo a gidanmu sai an hau bisa. Lailatu ta yaye zanen da ke kan turmi, ta kife shi, ta hau, ta ɗaga waya sama da hoton da muryar duka. Malamar lekol guda, a kan turmi, kamar mai kiran kaji. Muka zuba mata ido.

"Ya tafi. Ya shiga. Ya buɗe!"

Ta ƙura wa wayar ido.

"Yana naɗar murya... ya daina. Yana naɗa... ya sake dainawa."

Yaya ya ce da wayar ta yi sauri. Malam yana ta mayar da alƙalumansa cikin zare, yana ɗaurewa yana kwancewa. Ni na riga na fara shirya wa zuciyata haƙuri, ina tuna mata cewa abin da bai zama rabo ba ba ya zama.

Sai wayar ta yi ƙara. Lailatu ta sauko ta danna.

Abin da ya fara fitowa dariya ce. Dariyar ɗana, irin wadda rabona da ji tun yana yaro, har yana shaƙewa, muna jin matarsa a gefe tana tambayar lafiya. Da ƙyar ya tsaya.

"Baba," ya ce. "Baba, na ji saƙonka, na ga hoton. Kilabiye dai ya tafi, babu mai butik ɗin da zai karɓi kaya da zayyana. Ku ajiye shi, ni nake so, zan rataye a ofis. Ni abin da nake tsoro shi ne mutumin da zai shiga da Inna gida yana ɓoye mata lalurarsa. Wanda ya faɗi wannan da bakinsa, a gabanta, ba ni da ja da shi. Kuma hazon nan da kake faɗa, ina zaton yanar ido ce, ana cire ta nan Yamai, aikin safiya guda ne. Ku taho kai da Kawu, ku sauka gidana. In an buɗe ido ka ga hanya, sai mu dawo tare a ɗaura."

Yaya Hamidu ya yi kabbara har awaki suka firgita. Lailatu ta rungume ni, shayi ya zube a sabuwar tabarma. Malam ya ɗaga hannu yana addu'a, ya sa wa yaron albarka, ya roƙa wa mahaifinsa rahama. Wannan ta ƙarshe ita ta sa ni kuka. Na shiga ɗaki na yi sujadar godiya, na kuma nemi gafara a kan shirun da na yi a madafa, wanda Allah Ya rufa mini asiri a kansa ta hannun wanda ya fi ni tsoron Sa.

Da zai tafi don kada motar Damana ta bar shi, na rako shi bakin zaure, Yaya yana gaba da 'yan taku. Ya tsaya yana laluben takalminsa da ƙafa, ya yi ƙasa da murya.

"Malama, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, bari in ƙarasa. Tun da nike zuwa gidan ga, ban taɓa ganin fuskarki ba. In kin fito, wani haske nike gani fari, shina tahowa. Kullum ina ce ma raina, in hasken kaɗai haka yake, ina ga mai shi? Na ƙosa a cire yanag ga."

Ya sa takalmi ya tafi yana murmushi.

Na koma ɗaki. Na sa tabarau, na ɗauko madubin da ke rataye bayan ƙofa, na matsa kusa da taga inda sauran rana take. Na dubi abin da shekaru da haihuwa bakwai da ranar Kurfai suka bari. Na dubi gurbin haƙoran nan biyu na gefe. Sannan na dubi farin hijabin da Lailatu ta goge sau biyu, na gane hasken da bawan Allah yake gani.

Na ƙwala wa Lailatu kira. Ta shigo tana share hawayen dariya.

"Rubuta wa Na Yamai," na ce. "Ki ce ya tambayi likitan, shin dole ne a yi ido biyun duka, ko ana iya fara cire yanar ɗaya a ga yadda hali zai yi."